Amsa ga yarona kan ma'aunin ɗaurin notin sitiyarin babbar mota

Yarona, ka tambaye ni inda ake samun lambar da za a saita sifanar awo (mai auna ƙarfin ɗaurin noti) a kanta idan an sauya tayarod ko diraglin (sandunan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba) na babbar mota, tun da ka ga wasu garejoji a nan Jega suna zura bututu a sifana su tsaya a kai har sai notin ya yi ƙara, kuma motar ta tafi lafiya. Lambar ba ta cikin hannun makaniki, komai daɗewarsa a sana'a. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya ajiye ta, kuma kowace mota da tata.

Wurin farawa shi ne lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda za ka gani a ɗan faranti a jikin kan motar ko a buge a ƙarfen shasin. Da ita ake gane samfurin motar, sannan a buɗe littafin gyara na kamfanin, ko DAF ne ko MAN ko Mercedes ko Howo, a nemi babin sitiyari. Sai dai ka yi hattara da motocin da ke shigo mana, domin da yawansu Beljiyam ne da suka ratsa hannaye daban-daban, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauya wa mota ƙafar gaba gaba ɗaya da ta wani samfuri. Saboda haka ka shiga ƙarƙashi, ka goge laka da giris daga ƙarfen gaban, ka karanta lambar da ke jikinsa, domin kan tayarod da wannan ƙarfen yake hulɗa, ba ruwansa da sunan da aka rubuta a goshin motar. Haka kuma kada ka yar da takardar da ke zuwa a kwalin sabon kaya. Idan masu ƙera kayan sun sa noti mai kulle kansa a madadin mai tsaga, lambarsu ce za ka bi.

Idan ka sami lambar, ka dubi ma'aunin da aka rubuta ta da shi kafin ka taɓa sifana. Motocin Turai da Nm (newton-mita) suke rubutu, motocin Amurka irin su Mack kuwa da lb-ft (pound-foot), kuma 1 lb-ft ya kai kusan 1.36 Nm. Wanda ya karanta 200 lb-ft ya saita sifanarsa a 200 Nm, ya rage wa notin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurinsa, tun da abin da ake nema wajen 271 Nm ne. Tsofaffin littattafan Japan sukan yi amfani da kgf.m, wanda kowane ɗaya ya kai kusan 9.8 Nm.

Za ka ci karo da jadawalin da ke ba da ɗauri bisa kaurin bolti da lambar ƙarfinsa, wato 8.8 ko 10.9 ko 12.9 da ake bugawa a kansa. Yana da amfani a wurare da dama, amma ban yarda ka ɗora shi a kan ƙusar tayarod ba. Ita wannan ƙusa gindinta ya fi samanta kauri, kuma aikin notin shi ne ya ja ta ta zauna daram cikin raminta, kamar yadda ƙota ke kama ruwan gatari. Idan ɗaurin ya gaza, ƙusar za ta riƙa motsi a ramin a kowane gargada tsakanin Koko da Yawuri, har ramin ya buɗe, daga nan ko sabon kai ka sa ba zai zauna ba sai an sauya hannun ƙarfen da ramin yake jikinsa gaba ɗaya. Idan kuma ɗaurin ya wuce kima, tiredin zai miƙe ko ƙusar ta tsage daga ciki inda ido ba ya gani, ta jira ranar da aka yi lodin shinkafa ko albasar Aliero ta karye a kan gudu. Shi ya sa motar da ka ga ta bar gareji lafiya ba hujja ba ce.

Lambar littafi tana aiki ne idan ka cika sharuɗɗanta. Ka wanke ramin da jikin ƙusar su bushe sarai, kada ka shafa giris ko baƙin mai a tiredin sai littafin ya ce a shafa, domin noti mai santsi yana jan ƙusa fiye da yadda sifanar take nuna maka. Injin iska na kwance noti ne, ba na ɗaurin ƙarshe ba. Ka riƙe sifanar a mariƙinta, ka ja a hankali ba fizga ba, da zarar ta yi ƙas sau ɗaya ka tsaya. Idan noti mai tsaga ne kuma tsagar ba ta dace da hujin fin ba, ka ƙara ɗaurewa kaɗan har ta dace, kada ka taɓa sassautawa baya don neman huji. Fin sabo za ka sa, ba ƙusar kafinta ko guntun waya ba, kuma noti mai kulle kansa ba a maimaita shi.

Boltin da ke matse bututun tayarod yana da tasa lambar daban, wadda yawanci ba ta kai ta ƙusar ba, haka ma babban notin hannun akwatin sitiyari, wanda ɗaurinsa kan fi ƙarfin ƙaramar sifana. Idan lambar ta wuce iyakar sifanar da ke hannunka, ka zo ka karɓi babbar, kuma duk wadda ka gama da ita ka mayar da ita ƙasan ma'auninta kafin ka ajiye.

Ranar da aka kawo motar da ba mu da littafinta, ka ɗauki hoton farantin shasi da lambar ƙarfen gaba ka kawo mini, mu tura wa dilan kamfanin ko mai sayar da kayan na asali. Ko direba na gaggawa, motar za ta tsaya har amsa ta zo, kuma bayan an ɗaure sai an auna saitin tayoyin gaba kafin a ba shi makulli.