Waƙa Daban, Daudanci Daban: Amsata ga Ɗan Ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso ni ranar Talata bayan la'asar. Ƙanwarka ce ta karanta min a waya muna zaune gindin darbejiyar ƙofar gida, kuma ita nake yi wa shiftar wannan amsa, don idon ya yi rauni. Ka ce a darasin adabi an gaya muku cewa da yawa cikin manyan mawaƙa da marubutan duniya maza ne masu neman maza, kuma tun ranar abokanka suka sa ka gaba saboda kana rubuta waƙa, har wani ya ce maka ɗan daudu a gaban mutane. Kana so ka ji ko maganar gaskiya ce, da yadda abin yake a wurinmu. Na ji daɗi da ka kawo min ita maimakon ka bar ta tana cin ka a ciki.

Akwai gaskiya a maganar malaminku, amma ba dukanta ba ce. Ka san Abu Nuwas, wanda mutanenmu suka mayar gwanin wayo a hira. Mutum ne na gaske, mawaƙi a Bagadaza zamanin Haruna Rashid da ɗansa Amin, ya rasu wajen shekarar 814. Ya yi waƙoƙin giya, ya yi na begen samari, bai ɓoye ba. Shi ɗin dai ya yi na tuba, inda yake cewa ko zunubinsa ya kai ina, afuwar Ubangiji ta fi shi girma. Malaman lugga sun san halinsa sarai, amma ba su ƙona diwanin waƙoƙinsa ba. Sun ɗauki Larabcinsa, sun bar masa aikinsa tsakaninsa da Mahaliccinsa. A wajen Turawa kuma akwai Oscar Wilde mai rubuta wasan kwaikwayo, wanda kotu a Landan ta ɗaure shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895 a kan wannan magana, ya fito ya mutu a Faris a 1900 cikin talauci. Ingila ba ta sassauta waccan doka ba sai 1967. To ka ga akwai su. Amma akwai su cikin maƙera da fatake da sojoji ma. Bambancin kawai shi ne marubuci yana barin takarda a bayansa, maƙeri kuwa ya tafi da sirrinsa kabari.

Yanzu dawo gida, nan ne maganar take da nauyi a wurina.

Rubutacciyar waƙa a ƙasar nan aikin malamai ce tun fil azal. Shehu Usmanu ya yi, ƙaninsa Abdullahi ya yi, Nana Asma'u ta yi. Nan kusa da mu Mu'azu Haɗeja ya yi, Sa'adu Zungur ya yi, Aliyu Namangi yana makaho ya yi. Wa ya taɓa tsayawa ya kira ɗayansu da sunan da aka kira ka? Wanda ya faɗa maka haka bai san tarihin gidansu ba. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne tsohon rainin da ake yi wa makaɗa da maroƙa. Da can a garin nan, a yi ta yi wa makaɗi kari ranar biki, amma ya nemi 'yarka ka ce ba a haɗa jini da masu roƙo. Wannan rainin ne yara suka gada, suka haɗa shi da wani.

'Yan daudu kuwa ni na tashi na gan su da idona, ba labari aka ba ni ba. Daudu laƙabi ne na Galadima, kuma a wajen masu bori akwai iskan da ake kira Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta. Idan ya hau, 'yan daudu ne ke kewaye shi, su gyara masa riga, su yi rawa ana kaɗa garaya. Ta nan suka shiga duniyar kiɗa, ta nan kuma ake danganta sunan. Ban da bori, sana'arsu abinci ce a tasha da kasuwa, da hidimar biki, da zama a gidajen mata masu zaman kansu. Bakinsu kuwa, ɗana, in kana neman karin magana da habaici, ban ji wanda ya kai su ba.

Akwai ɗaya da ba na mantawa. Ina matashin malamin firamare, duk Alhamis nakan bi motar kasuwa zuwa Maigatari. Can bakin kara yake da rumfa, yana sayar da shinkafa da miya da soyayyar kaza. Zane a ƙirji, hannu a ƙugu, magana da rangwaɗa, sauran 'yan uwansa suna ce masa uwa. Almajiri bai taɓa tsayawa da kwano a rumfar nan ya tafi haka ba, sai ya kankare ƙanzo ya zuba masa miya a kai, wani lokaci har da wuyan kaza. Yana da mata da 'ya'ya a ƙauyensu, kuma in an kira azahar sai ya ja riga ya sa hula ya shiga sahu. Dattawa suna yi masa faɗa, wasu ba sa cin abincinsa, yara suna tsokanarsa. Amma yana cikin gari, ana gaisawa, in an yi masa rasuwa ana zuwa. Abin da yake yi a ɓoye, in ma akwai, ni ban gani ba, kuma ba wanda ya aike ni dubawa.

Kada ka ɗauka ina wanke komai. Luwaɗi haramun ne, malamanmu ba su yi saɓani a kai ba, kuma ba zan canza maka wannan don in faranta wa kowa ba. Namiji ya ƙirƙiri kamannin mata da gangan, shi ma an hana. Amma malaman nan ne dai suka rarrabe. A Madina akwai irinsu, ana ce musu muhannasai. Ɗaya yana shiga ɗakin Ummu Salama, sai ranar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ji shi yana siffanta jikin wata mata ga wani namiji, sannan ya hana shi shiga. Imamu Nawawi ya yi bayani cewa wanda aka halitta da taushin murya da tafiya, ba shi ya ɗora wa kansa ba, babu zargi a kansa. Kuma Ɗuwaisu, wanda ake lissafawa cikin mawaƙan farko na Madina, mai kaɗa tambari na hannu, muhannasi ne. Ka ga ashe haɗuwar daudanci da kiɗa tsohuwa ce, ba mu muka fara ba, kuma ba Turawa suka kawo ba. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne: wanda maza suka ƙi zama da shi a majalisa, wurin biki da kiɗa ne ya rage masa ya nemi abinci.

Sai kuma ka buɗe Risala, littafin fiƙihun nan na Malikiyya, babin haddi. Za ka ga wanda ya ce wa wani namiji ɗan luwaɗi ba tare da shaida ba, shi ake yi wa haddin ƙazafi, bulala 80. Yaran yanzu sun haddace rabin farko sun bar wannan. Kalmar da a da dattijo ke jin nauyin furtawa, yau ita ce abin wasa a waya.

Bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a 2000, bori ya koma ɓoye, gidajen mata aka watse, sannan dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya ta zo ta ƙara. Ni na yi murna da shari'a, har yau ina yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne samarin da ba alƙalai ba, ba malamai ba, suka ɗauki hukunci a hannunsu. Mutumin nan na Maigatari ya riga ya tsufa a lokacin. Wata Alhamis na tarar da tukunyarsa a kife, miya ta malale cikin rairayi, yana zaune yana tsince shinkafa da hannu yana zubawa a faranti. Ba wanda ya kai shi gaban alƙali, ba wanda ya kawo shaida. Mu manya muna tsaye, ba wanda ya ce uffan, har da ni. Mako na gaba rumfar babu kowa. Shekara ashirin da wani abu ke nan, in na tuna sai na yi istigfari.

Shi ya sa da ƙanwarka ta kai wurin da aka kira ka da sunan nan, na ce ta dakata, na yi shiru na ɗan lokaci. Kada ka rama da irinsa, kuma kada ka je kana nuna wani a ajinku don a ɗauke ido daga kanka. Wanda ya faɗa maka, ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi ko ya san hukuncin abin da ya furta. Littattafan da aka ba ku kuma ka karanta su, ka koyi yadda ake gina baiti, kamar yadda malamanmu suka yi da Abu Nuwas.

Waƙar da ka ce ka yi a kan damina, turo ta a karanta min. Geron bana ya yi kyau, mun fara yanka gonar arewa. Innarka tana gaishe ka, ta ce in za ka zo hutu ka taho mata da man zafin nan na ƙafa.