Ga mai shirin zuwa Kumasi bayan girbi

Malam, ka ce da ka yanke riɗi ka kai gero rumbu za ka baro Ringim ka zo Kumasi wajen abokinka na makarantar allo, ka yi mako biyu ka koma. Madalla. Sai dai kakarku ba tamu ba ce. A watan Oktoba, lokacin da ƙasa ta fara bushewa a Jigawa, mu nan muna cikin damina ta biyu, sai wajen Nuwamba ruwa ke ɗaukewa. Ka riƙo laima da takalmin roba.

Biza ba ruwanka da ita, ɗan ECOWAS yana da kwana 90 a Gana. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara kuwa dole ne, kuma katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Ka biyo ta Legas, ka wuce Seme, Kwatano, Lome, ka shigo ta Aflao. Iyaka uku ke nan, kowace a buga maka hatimin fita a buga maka na shiga. Masu yin ratse ta bayan shinge don gudun layi su ne ke shan wuya ranar komawa, idan aka nemi hatimin shiga aka rasa. Hanyar Nijar da Burkina a bar ta yanzu saboda rashin tsaro. Ka canza 'yar sefa don Binin da Togo, sauran ka mai da shi sidi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau wata 'yar kasuwa za ta ce maka miliyan ɗaya, tana nufin sidi 100. Ka mai da agogonka baya da awa ɗaya.

Batun masauki shi ya fi ba mutanenmu na gida mamaki. A Aboabo ko Asawase, unguwannin zango inda Hausawa da sauran baƙi ke zaune a Kumasi, gida ɗaya yakan ɗauki iyali da yawa, kowa da ɗakin hayarsa, tsakar gida da banɗaki na kowa da kowa. Babu zauren da za a shimfiɗa maka tabarma. Ka sanar da abokinka ranar zuwanka da ta komawa tun da wuri, don ya nemi ɗaki wajen wani saurayi ko maƙwabci. Kunya ba za ta bar shi ya tambaye ka ba, alhali wani ne zai tashi ya bar maka katifarsa.

Kuma baƙon zango ba na mutum ɗaya ba ne. Washegari za a zaga da kai ka gai da mai gidan, da limamin unguwa, da dattawan majalisa. Ka raba tsarabarka kashi-kashi tun daga gida: dabinon Dutse, daddawa, kuka, hula, turare. Goro kam kada ka ɗauko, daga nan yake zuwa muku. In aka yi suna ko sadakar bakwai kana gari, ka je ka ajiye ɗan abin da ya samu, ana lura.

Wanda duk ka ji yana Hausa kada ka ɗauka Bahaushe ne. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani. In ka ji an ce wa mace "ya zo", ka bar gyara, haka bakin nan yake. Matar abokinka tana iya fita kasuwar Kejetia tun da asuba ta bar muku koko da ƙosai, ba raini ba ne, sana'arta ce ke riƙe da rabin gidan. In kun shiga cikin Asantawa, 'yan asalin ƙasar Kumasi, ka fara musabaha daga na damanka ka bi zuwa hagu, kuma kada ka miƙa kuɗi ko ka nuna mutum da hannun hagu.