Zan iya kayar da alƙalin da ke shari'ata da ƙuri'a?

Tambaya: Barista, ina zaune a Shikago, bara na samu takardar zama ɗan ƙasa. Muna shari'a da mai gidan da nake haya, kuma ban gamsu da yadda alƙalin ke tafiyar da ita ba. An ce a nan jama'a ke zaɓen alƙalai. Zan iya kayar da shi? Yaya ake gane nagari cikin tulin sunayen nan? Maiɗakina girin kad gare ta, wato izinin zama na dindindin, ita ma tana so ta jefa ƙuri'a.

Amsa: Malam, bari in fara da maganar maiɗakinka, don ta fi sauran haɗari. Kada ta yi rajistar zaɓe, kada ta jefa ƙuri'a, ko da wani ya miƙo mata fom a ofishin lasin tuƙi. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya jefa ƙuri'a ya aikata laifi, kuma dokar shige da fice ta sa wannan cikin dalilan korar mutum daga Amurka. Ta haƙura har ranar da za ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa.

Kai kuma, ƙuri'arka ba za ta taɓa hukuncin da ke kanka ba. Ko alƙalin ya faɗi a zaɓen Nuwamba, yana kan kujera har farkon Disamba, kuma duk abin da ya sa wa hannu yana nan daram. Wataƙila ma ba za ka ga sunansa a takardar ƙuri'ar ba. A Ilinoi, jihar da Shikago take, akwai rukunin alƙalai mataimaka, waɗanda 'yan uwansu alƙalai ke naɗawa na shekara 4, jama'a ba sa zaɓensu.

Maganin shari'arka yana cikin kotu. Dokar jihar ta ba kowane ɓangare a ƙarar da ba ta laifi ba damar neman a sauya masa alƙali sau ɗaya ba tare da ya faɗi dalili ba, amma sai kafin alƙalin ya yanke wani abu mai nauyi a ƙarar. In wannan lokacin ya wuce, sai ka kawo hujjar son zuciya, kuma "ya yanke abin da ba na so" ba hujja ba ce. In an riga an yi hukuncin ƙarshe, kwana 30 gare ka ka shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kuma shigar da ita kaɗai ba ya hana a fitar da kai daga gida, sai ka roƙi a dakatar da hukuncin daban. In zagi ne ko wulaƙanci ko wata alaƙa da abokin shari'arka, hukumar Judicial Inquiry Board ce ke karɓar koke. Tana bincikar halin alƙali, ba ta sauya hukunci. Don Allah nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a kyauta a wannan makon.

Sai zaɓen. Dole abin ya zo maka banbaraƙwai, tunda a Najeriya majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ce ke ba da suna gwamna ko shugaban ƙasa ya naɗa. A gundumar Cook, inda Shikago take, takara iri biyu ce. Kujerar da babu kowa a kai, 'yan takara ke nema ƙarƙashin jam'iyya, kuma a zahiri a zaɓen fidda gwani na Maris ake gama magana, saboda rinjayen jam'iyyar Dimokurat a yankin. Wanda ya tsaya jiran Nuwamba sau da yawa suna ɗaya zai tarar. Alƙalin kotun matakin farko da ke kan kujera kuwa, duk shekara 6 ake tambayar jama'a ko ya ci gaba, i ko a'a, kuma yana buƙatar kashi 60 cikin 100 su ce i. Da wuya a kayar da su: da alƙali Matthew Coghlan ya faɗi a 2018, rabon da a ga haka a gundumar tun 1990.

Kada ka auna su da alkawari. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2002 ɗan takara na iya faɗin ra'ayinsa, amma ƙa'idar aikin ta hana shi alkawarin yadda zai yanke ƙara. Wanda ya ce maka zai riƙa tsaya wa 'yan haya, ni tsoronsa nake ji, don gobe wani zai yi wa alkawari a kanka.

Abin dubawa na farko shi ne tantancewar ƙungiyoyin lauyoyi, irin su Chicago Bar Association, Chicago Council of Lawyers da Illinois State Bar Association. Suna ganawa da ɗan takara, suna tambayar lauyoyin da suka yi aiki da shi, sannan su ce ya cancanta ko bai cancanta ba. Karanta dalilin da suka bayar, ba sakamakon kawai ba: shekara nawa ya yi yana tsayawa gaban kotu, yana jinkirta hukunci, yana da saurin fushi? Idan ƙungiyoyi da yawa suka haɗu a kan cewa bai cancanta ba, ko ya ƙi zuwa a tantance shi, wannan ya ishe ni. Kafar labarai ta Injustice Watch ma tana fitar da jagora mai nuna tarihin kowane ɗaya da hukuncinsa da kotun sama ta soke.

Sai kuɗi. Hukumar zaɓe ta jihar tana wallafa sunayen masu ba da gudummawa a intanet. Ba ƙaramin abu ba ne: a jihar West Virginia shugaban wani kamfanin kwal ya kashe kimanin dala miliyan 3 don wani alƙali ya ci zaɓe, alhali kamfanin na neman a soke diyyar dala miliyan 50 da aka ɗora masa, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 dole alƙalin ya janye daga ƙarar. In ka ga kuɗin ɗan takara daga masu sana'a ɗaya yake fitowa, ka lura.

Rubuta zaɓinka a takarda ka shiga da ita rumfa, an yarda. Tsallake suna ba ya ɓata ƙuri'arka, sai dai kashi 60 ɗin daga waɗanda suka amsa tambayar ake lissafa shi, don haka in kana so alƙali ya sauka, sai ka cike gurbin a'a.