Tambaya da Amsa: Surukina ya hana a yi wa ɗana rigakafi

Tambaya: Anti dan Allah ki ban shawara. Baban mijina ya kafe ba za a ɗiga wa ɗana maganin shan inna ba, wai yana hana haihuwa. Na kunna masa bidiyon likitoci a waya, na kawo masa katin asibiti, ƙarshe ma cewa ya yi in masu rigakafi suka sake zuwa shi zai tare su a ƙofar gida. Mijina kuma ya yi gum. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar uwa bidiyon nan ki ajiye shi tukuna. Kin ga Baba ya shekara da shekaru yana faɗin maganar nan a majalisa da ƙofar masallaci, yanzu kuma surukarsa ta zo da waya a gaban 'ya'yansa tana nuna masa bai sani ba, to ai girmansa yake karewa, duk hujjar da kika ƙaro ƙara kafewa zai yi.

Kuma tsoronsa yana da tushe, kar ki raina shi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 suka rasu, har aka je kotu. Mutanen Kano ba su manta ba, shi ya sa da jita-jitar hana haihuwa ta taso a 2003 ta samu wurin zama, gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo a 2004 sai da aka kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, sarakuna da malamai suka sa baki, a hankali a hankali har a 2020 aka ce Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wato wanda ya kawo maganar ya fi maganar tasiri.

Toh ki nemo wanda Baba ke jin nauyinsa, liman ko mai unguwa ko amininsa da aka yi wa jikokinsa suka girma suka hayayyafa, su same shi shi kaɗai ba a gaban jama'a ba. In ya sauko kar kowa ya ce masa "ai dama mun faɗa", a bar shi ya ce shi ya ga dama.

Mijinki kuma ya daina laɓewa a bayanki, ɗansa ne, shi ya kamata ya je wurin liman ɗin.