Dalilin Maimaita Jadawalin Sau Kowace Safiya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake sa yara su maimaita jadawalin sau kowace safiya, alhali a ganinka sun riga sun fahimci ma'anarsa, kuma kana tsoron kada mu mayar da su aku. Tsoron naka yana da tushe, amma gobe ka tsaya a bayan yaron da aka ba 47 sau 8 ka lura da hannunsa.

Idan 7 sau 8 ba ta zauna masa ba, sai ya sunkuyar da kai yana ƙirge da yatsu, ko yana jan layuka a gefen takarda, har ya kai 56. Kafin ya gama rubuta 6, ya manta da 5 ɗin da ya kamata ya riƙe ya haɗa da 32 na 4 sau 8, sai ka ga 326 a maimakon 376. Yaron ya san hanyar sarai, ƙirgen ne ya cinye masa hankali, domin abubuwa kaɗan ne zuciya take iya riƙewa a lokaci guda.

Aikin bai kai yawan da ake zato ba. Daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 amsoshi 100 ne, amma da zarar yaro ya jera tsakuwa huɗu-huɗu a layi uku, ya juya ya ga uku-uku ne a layi huɗu, abin da zai haddace ya koma 55. Shi ya sa ba na fara hadda sai an yi wannan jeren da hannu.

Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Saboda haka minti goma a kullum ya fi mini awa guda a mako.

Inda nake tare da kai shi ne rerawar da ake yi baki ɗaya. Yaron da sai ya faro daga 7 sau 1 kafin ya iso 7 sau 8, waƙa ya haddace. Ka riƙa gauraya musu tambayoyin, ka jefo 6 sau 9, ka koma 3 sau 7, sannan ka juya ka ce 56 a raba gida 8. Wadda yaro ya yi jinkiri a kanta ka rubuta ta a gefen littafinka, da ita za ka fara masa washegari.