Jirgin fiton da ba a biyan ko sisi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mana hotonsa a cikin wani makeken jirgin ruwa mai launin ruwan lemo, ya ce kyauta ake shiga. Mun yi ta musu a majalisarmu ta Ƙofar Doka. Da gaske ne? In haka ne, wa ke biyan kuɗin mai? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ƙanenka ya faɗi gaskiya. Wannan shi ne jirgin fiton tsibirin Staten a birnin New York. Yana jigilar mutane tsakanin tashar St. George da ke tsibirin da tashar Whitehall da ke Manhattan, tafiyar kamar kilomita 8 cikin minti 25, dare da rana.

Da can sana'ar 'yan kasuwa ce. Cornelius Vanderbilt, wanda daga baya ya zama hamshaƙin attajiri, da fito ya fara a wannan ruwa a 1810, yana ɗan shekara 16, da ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Jirgi mai tururi ya shigo a 1817. Kamfanoni suka yi ta cin kasuwarsu, amma rayukan fasinjoji ba su da mai tsaro. A 1871 tukunyar tururin jirgin Westfield ta fashe yana tsaye a tasha cike da jama'a, mutum sama da 60 suka halaka. A 1901 wani jirgin ya yi karo da jirgin fiton Northfield, har Northfield ɗin ya nutse. A lokacin tsibirin ya riga ya shiga cikin birnin tun 1898, don haka mutanensa suka matsa lamba, har hukumar birni ta karɓe harkar a 1905.

Nan ne zuciyata ke sosuwa. Mu a Zariya ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni ba, shi ya sa ba mu cika jin zafin abin ba. Amma 'yan'uwanmu na bakin Kwara, jirgin katako shi ne titinsu, shi ne motar asibitinsu. A watan Yunin 2023 mutum sama da 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. A ganina, garin da ba a isa gare shi sai ta ruwa, haƙƙinsa ne gwamnati ta ba shi jirgi mai lafiya, kamar yadda take shimfiɗa wa wasu kwalta. Hakan ba ya hana ƙaddara, domin a 2003 shi ma jirgin Staten ya daki madatsar tasha, mutum 11 suka mutu, amma an san wanda za a tuhuma, kuma an tuhume shi.

Batun kuɗi kuwa, santi 5 na dalar Amurka aka yi ta biya har zuwa 1972. Ya hau sannu a hankali ya kai santi 50 zuwa da dawowa a 1990, sannan aka soke shi ɗungurungum ranar 4 ga Yulin 1997. Dalilin shi ne ma'aikacin tsibirin yana biyan bas, ya biya jirgi, ya sake biyan jirgin ƙasa kafin ya isa wurin aiki, kuma tsibirin ba shi da layin dogon da ya haɗa shi da sauran birnin. Kuɗin mai da albashin matuƙa da gyaran jirage yanzu daga kasafin gwamnati suke fitowa, wato daga harajin da jama'a ke biya.