Ga 'yar uwar da jikinta ke karkarwa ta ciki da dare

'Yar uwa, sannu. Na karanta tambayarki har sau biyu, domin sai na ji kamar da bakina kika rubuta ta. Kin ce da zarar kin kwanta sai ki ji jikinki yana karkarwa ta ciki kamar an kunna inji a ƙarƙashin gado, tafin ƙafa yana zafi, yatsu suna tsitstsira kamar ana soka allura, amma in kin miƙa hannu ba ya rawa, kuma kina tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin haka da yadda yake samun barci. Akwai. Na kusa shekara biyu a cikinsa.

Nawa daga cinyar hagu ya fara. Na ɗauka wayata ce ke girgiza a cikin bargo, na laluba na laluba, ashe tana can tana caji. Daga nan ya hau ƙirji, ya hau baya. Daren da ba zan manta ba, wajen ƙarfe 2 na farka ina jin kamar gadon gaba ɗaya yana rawa. Na ɗauko kofin ruwa na ɗora a kan katifa ina kallo, ruwan ko motsi bai yi ba. Na tashi maigidana na kamo hannunsa na ɗora a cinyata na ce, "Don Allah ba ka ji ba?" Ya yi shiru yana saurare, can ya ce, "Ni ban ji komai ba." Wallahi wannan maganar ta fi karkarwar tsorata ni. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina kuka a hankali don kada yara su tashi, ina lissafin ko shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, ko kuwa kaina ne ya fara taɓuwa. A nan gari ya waye mini.

Likitan da na fara gani, har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Bai ɗago kai daga kwamfutarsa ba. Ban ma gama bayani ba ya ce tunani ne ya yi mini yawa, in je in huta. Bai auna komai ba in ban da hawan jini, bai tambaye ni wane magani nake sha ba. Na fito ina jin kunya kamar na yi masa ƙarya. Wata bakwai na yi ban sake zuwa asibiti ba saboda wannan kunyar, kuma a cikin watannin nan ne ƙafafuna suka fara mutuwa har takalmi ya fita ban sani ba. Na yafe masa, amma dai.

Ba wai damuwa ba ta kawo wannan abu ba ne, tana kawowa, kuma tsoro yana ƙara masa wuta. Amma a fara dubawa tukuna. Wata likita ce daga baya ta zauna ta saurare ni, ta sa aka yi gwajin sukari, da na tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya wanda in ya yi aiki fiye da kima yake kawo rawar jiki da bugun zuciya da zufa, da gwajin sinadarin ƙarfe na cikin jini, da na bitamin B12. Nan aka kama ɓarawon. B12 ɗina ya yi ƙasa, kuma shi ne ke kula da rufin da ke lulluɓe jijiyoyi. Ashe maganin gyambon ciki da na daɗe ina sha, omeprazole, yana rage yadda jiki ke tsotse B12 ɗin in an ɗauki shekaru ana sha. Ta ce metformin na masu ciwon sukari ma yana yin haka. Aka fara mini allurai. Ba zan yaudare ki ba, ba rana ɗaya na warke ba, jijiya tana da nawa wajen gyaruwa, sai da aka yi watanni kafin zafin ƙafar ya sauka.

Kada ki ji na faɗi B12 ki ruga ki sayi haɗin bitamin ki dinga sha. B6 da ke cikin irin waɗannan haɗin, in ya yi yawa aka daɗe a kansa, shi da kansa yana lalata jijiyoyi. Kuma in kin fara sha kafin gwaji za ki iya ɓata sakamakon. Naki ma wataƙila dalilinsa daban: akwai waɗanda abin ya same su bayan korona, akwai matan da ya zo musu lokacin ɗaukewar al'ada, akwai wanda ya yanke maganin damuwa farat ɗaya ba da shawarar likita ba.

Batun dare kuma. Na daina shan kofi da shayi mai ƙarfi in rana ta yi tsaka, domin bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗin, wato sinadarin cikinsu mai hana barci, yana nan a jini. Na lura shiru ne ke ƙara fito da karkarwar, sai nake kunna fanka, ƙararta ta rufe. In karkarwar ta taso ba na kwanciya ina sauraronta, tashi nake in taka ƙasa mai sanyi, in yi 'yar tafiya a ɗaki, in ja numfashi a hankali in fitar da shi a hankali fiye da yadda na ja. Ki raba kanki da binciken intanet da tsakar dare, ni sai da na gama yanke wa kaina hukuncin cutar Parkinson, cutar nan ta ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki, kafin asuba. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta lokacin da ta fara, inda ta kama, abin da kika sha, da yadda barcin jiya ya kasance. Shi na buɗe wa likitar nan, kuma ina ganin shi ya sa ta ɗauke ni da muhimmanci.

Sai dai in kin ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, ko fitsari yana kufce miki, ko ƙirji ya ɗaure, wannan ba na jiran safiya ba ne, asibiti kai tsaye.

Har yanzu takan ziyarce ni in na gaji ko na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Maigidan yanzu ya daina cewa bai ji ba, sai dai ya tashi ya kunna fankar. Allah ya ba ki lafiya. Wane magani kike sha a kai a kai yanzu, kuma an taɓa yi miki gwajin sukari?